Ita Ce Idon Fasto

"Maimaita min, ban ji da kyau ba."

"Ka ji ni sarai... Na ce zan bi Baba."

Mai Burodi ya ajiye tiren da ke hannunsa a kan tebur a hankali. Zafin tanda ya cika ɗakin. Ma'aikatansa biyu da ke murza kwaɓin fulawa suka kalli juna, suka goge hannu, suka sulale waje ba tare da an ce su fita ba.

Duk garin 'Yar Fasto ake kiranta. Shekararta ashirin da bakwai, kuma a cikinsu gari biyar ta zauna, don duk inda shugabannin ikilisiya suka tura mahaifinta nan ne gida. Wannan garin ne kaɗai suka yi wa shekara tara. Nan ta gama karatu, nan suka binne mahaifiyarta shekara uku da suka wuce, nan kuma ta haɗu da wannan dogon mutum mai fulawa a gira, wanda yanzu yake kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"Rakiya za ki yi masa ki dawo?"

"A'a."

"Wata nawa za ki yi?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba..." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Saura wata huɗu a ɗaura mana aure. An sanar a coci. Innata ta sa an yi wa ɗakinki fenti, har labule ta zaɓa da kanta. Yau ki tsaya a gabana ki ce ba ki sani ba?"

"Ɗaga ranar nake roƙo, ba fasawa ba."

"A ɗaga zuwa yaushe?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin san ba zan iya bin ku ba. Inna ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa sai an riƙe ta. Mutum shida ke cin abinci a ƙarƙashin rufin nan. Tanda kuma ba a ɗaukarta a ka."

"Ban ce ka biyo ni ba, nawa."

"Kada ki ce min nawa yanzu, don Allah." Muryarsa ta yi ƙasa. "Baba ba yaro ba ne. Da ƙafarsa, da lafiyarsa. Fasto nawa ake canja wa wuri su tafi su bar 'ya'yansu a ɗakin aure? Ƙaninki yana can makaranta, ba wanda ya ce ya ajiye karatu ya bi shi. Me ya sa sai ke?"

Amsar tana kan harshenta. Kalma uku ce kawai, da ta faɗe su da rigimar ta mutu a nan. Amma ta yi alkawari, kuma ba ga kowa ta yi shi ba sai ga mahaifinta.

"Ko dai Baba ya sake shawara ne? Ya duba ya ga mai toya burodi bai kai ya auri 'yarsa ba?"

"Allah ya sani ba haka ba ne. Baba yana ƙaunarka kamar ɗansa."

"To ke ce kika sake."

"Ni?..." Hawaye ya zubo mata. "Ka dube ni da kyau ka ce ni ce na sake."

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya juya ya buɗe ƙofar tanda, ko da yake burodin bai isa fita ba.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce, bayansa na gare ta.

Ta fito tana goge fuska da bakin mayafi. Ta bi ta bayan layi don kada ta haɗu da wanda ta sani.

A gida ta tarar da Fasto zaune a ɗakin karatunsa, kewaye da kwalayen littattafai da ta ɗaɗɗaure da igiya. Tabarau na kan hancinsa, Littafi Mai Tsarki a buɗe a cinyarsa. Wanda ya leƙo zai rantse karatu yake yi.

"Mamana ce?"

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Ni ce, Baba."

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya kiyaye hanya."

 Fasto ya shafa shafin da ke gabansa da tafin hannu.

Abin ya fara ne shekara guda bayan rasuwar Mama. Da farko gefe-gefe ne ya daina gani, ya riƙa tuntuɓe da kujera, yana ɗora laifin a kan gajiya. Daga baya duniya ta tsuke masa kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Sai da suka je wani gari inda ba a san su ba suka ga likitan ido. Likitan bai ɓoye musu ba: ciwon ya riga ya ci jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa gudu. A hanyar dawowa Fasto ya kama hannunta a cikin mota.

"Idan shugabanni suka ji, za su ce in huta. Mamana, uwarki ta tafi. In aka raba ni da bagaden wa'azi, me ya rage min? Ki yi min alkawari, ko ƙaninki kada ya ji."

Ta yi masa. Tun daga ranar, kullum da safe ita ke karanta masa nassin da zai yi wa'azi a kai, sau biyar, sau goma, har ya zauna masa a ka. Ran Lahadi ya hau bagade ya buɗe Littafi, ya riƙa juya shafi yana faɗa daga zuciya. Ba wanda ya gane. Shekara tara ta sa ya san kowane mataki na cocin da ƙafarsa, ya san kowane mutum da muryarsa, har da tarin kowa.

Sai ga takardar canjin wuri.

"Shekara biyu kawai, Mamana," ya ce yanzu, ba tare da ya juyo ba. "In cika hidimata da mutuncina. Yaron kirki ne, zai jira."

"To, Baba."

Ta ɗauki igiya ta ci gaba da ɗaure kwalaye.

Ranar tafiya da sassafe suka je kabarin Mama. Ta cire 'yan ciyayin da suka tsiro a gefe. Fasto ya tsaya riƙe da hularsa, ya ce, "Sau huɗu muna tashi tare. Wannan karon ke kin samu wurin zama." Muryarsa ta karye, ya mayar da hular kansa.

Da suka dawo babbar mota ta iso, 'yan ikilisiya sun cika tsakar gida. Mata na kuka, maza na ɗaukar kaya. Tsakiyarsu ta hango Mai Burodi. Ba wanda ya gayyace shi, kuma mako uku ke nan ba su yi magana ba. Shi ya ɗauki kwalayen littattafai mafi nauyi. Shi ya naɗe keken ɗinkin Mama da bargo ya ɗaure shi a lungun da ba zai girgiza ba. Ko sau ɗaya bai kalli inda take ba.

Da aka gama, ya zo gaban Fasto ya rusuna.

"Baba, Allah ya kai ku lafiya."

"Ɗana... Allah ya yi maka albarka."

Fasto ya miƙa hannu. Hayaniya ta yi yawa, muryoyi sun cakuɗe, sai hannun ya tafi can gefe inda babu kowa.  Kafin wani ya lura, Mai Burodi ya gusa rabin taku ya kama hannun da hannu biyu, kamar dama can yake tsaye.

Sannan ya ɗago ya kalle ta. Ta kawar da kai.

Har motar ta tashi bai ce mata komai ba. Sai da suka fita gari ta ga leda a ƙarƙashin kujerarta, burodi biyu a ciki, da ɗuminsu. Ta rungume ledar ta juya fuska wajen taga don kada Baba ya ji numfashinta.

Sabon gidan yana bayan cocin, ɗaki biyu da falo, famfo a tsakar gida, dakalin ƙofa ya gutsure a gefe ɗaya. Cocin ƙarami ne, bencinsa goma sha biyu. Mutanensa sun sha wuya a hannun faston da ya tafi, don haka suka karɓi sabon da ladabi amma da ido a buɗe. Babban dattijon ikilisiyar wani tsohon direba ne mai faɗin kafaɗa da yawan raha, kowa Dattijo yake ce masa.

Asabar ta farko ta kai mahaifinta cocin lokacin da babu kowa.

"Daga ƙofa taku goma sha huɗu, Baba. Sai matakala uku. Ta biyun ta fi sauran tsayi."

Suka yi ta yi, su je su dawo, har ƙafarsa ta haddace.

Wa'azinsa na farko ya ratsa mutane. Amma hidimar fasto ba a bagade take ƙarewa ba. A hanya mata za su ɗaga masa hannu daga ƙetaren titi, ya wuce kai tsaye. Mutumin da ya zauna da shi jiya ya zayyana masa damuwarsa, yau su haɗu a bakin shago ya kalle shi kamar bango. Idan tana kusa takan raɗa masa, "Dattijo ne, ta hagunka," ya juya da fara'a. Amma ba ta san kowa ba tukuna, kuma ba ko'ina take iya binsa ba.

Wata rana tana sayen kayan miya ta ji mata biyu a bayanta, ba su san ita ce ba.

"Wannan sabon, baki kamar zuma, amma girman kai kamar me. Na gaishe shi har da rusunawa, ko kallo ban ishe shi ba."

"Ai 'yar ce ke juya shi. Manne da shi kamar ƙaska, ba ta barin kowa ya matso."

Ta biya ta tafi, ta manta rabin kayan a kan teburin mai shago.

Benci goma sha biyu ya koma tara, ya koma bakwai. Fasto yana ji a amon waƙa cewa mutane na raguwa. Ya ƙara tsawon addu'a, ya ƙara azumi, amma bai ce komai ba. Ita kuma ta rame har zoben alkawarin da ke yatsanta ya fara juyawa. Duk saƙon da ta tura wa Mai Burodi, amsa ɗaya ce ke dawowa: "Lafiya lau. A gaida Baba."

Ranar Asabar ɗin da aka sa tun farko don ɗaurin auren, ta tashi ta tara wanki, har da wanda bai yi datti ba. Fasto yana zaune a inuwa kusa da famfo.

"Mamana, yau nawa ga wata?"

Ta faɗa masa.

 Ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita.

Rana ta kusa tsaka aka yi sallama a ƙofa. Tun kafin ta ɗago ta san muryar. Mai Burodi ne tsaye da ƙurar hanya a takalmi, shi ma ya faɗa, idonsa ya zurma.

"Kai ne..."

"Ni ne."

Kumfa na zuba daga hannunta. Ta rasa ko ta matsa ko ta tsaya.

"Kin rame," ya ce a hankali.

"Kai ma."

"Wajen Baba na zo. In ya ba ni dama, mu biyu."

Suka shiga falo. Ta shiga kicin da niyyar ɗebo ruwa, amma tsakanin kicin da falo katako ne kawai, kuma ƙafarta ta ƙi ɗauke ta daga wurin.

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, Mai Burodi ya gyara murya.

"Baba, ka yafe min in na yi rashin kunya. Na san idonka ba ya gani."



 Da Fasto ya yi magana, muryarsa ta yi sanyi irin wanda ta sani tun tana yarinya, na lokacin da ransa ya ɓaci.

"Ita ta faɗa maka."

"Ba ta faɗa ba. Na tambaye ta ta kowace hanya. Na zarge ka, na zarge ta, na ce ta daina sona. Ta tsaya tana kuka, ta gwammace in tsane ta da ta buɗe baki. Ranar da muka loda kaya na gani da idona."

"To tun ranar me ya hana ka magana?"

"Fushi, Baba. Da kunya. Na ji zafin ba a ɗauke ni na gida ba, har da za a ɓoye min. Na kuma ji kunyar abin da na faɗa mata. Wata uku ina kokawa da zuciyata. Jiya Inna ta ce min, gobe ce ranar, in kai namiji ne tashi ka je."

"Ka zo ɗaukarta ke nan."

"A'a. Ba zan raba makaho da sandarsa ba..." Ya katse. "Ka gafarce ni, Baba, bakina ne ya kubce."

"Faɗi abinka. Sunan abin ke nan."

"Na zo in ce zan jira. Shekara biyu ne, uku ne, ina nan. Kuma ba wanda zai ji daga bakina. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Kai ba ka ganinta, Baba, ni na gan ta yanzu a bakin famfo. Rabinta ya tafi. Ka bar ta ta riƙa faɗa min abin da ke damunta. Kayan sun yi wa mutum ɗaya nauyi."

 Can Fasto ya kira ta.

"Mamana, zo."

Ta zo ta durƙusa a gabansa. Ya lalubo fuskarta da hannu biyu. Yatsunsa suka bi kumatunta, suka sauka ga ƙashin wuyanta da ya fito, suka kamo hannunta, suka tarar da zoben yana yawo a yatsa. Ya riƙa juya shi, yana juyawa.

"Yaushe kika zama haka?"

"Ba komai, Baba. Canjin ruwa ne."

"Ni na koya miki wannan," ya ce. "Ni na koya miki cewa ba komai."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ko abincin rana bai fito ya ci ba.

Su biyu suka zauna a kan gutsurarren dakalin ƙofa, tazarar hannu a tsakaninsu.

"Ki yafe min, abar ƙaunata."

"Ni ce zan roƙe ka. Kullum sai na rubuta maka gaskiya a waya, in goge."

"Da kin turo."

"Da ka tambaya da daɗin rai."

Ya yi murmushi, karon farko. "Kin ga laifin ya rabu biyu ke nan, kamar burodin marowaci."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta. A gidan Dattijo aka sauke shi, don ya ce ba zai koma ba sai ya yi sujadar Lahadi da su.

Ran Lahadi da safe ta ɗauko Littafi za ta karanta wa mahaifinta nassin kamar kullum.

"Bar shi, Mamana. Yau na san abin da zan faɗa."

Ya yi takunsa goma sha huɗu, ya hau matakala uku. Mawaƙa suka zauna. Ya ɗora Littafin a kan bagade, amma bai buɗe ba. Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu.

"'Yan'uwa, wata uku ke nan ina buɗe Littafin nan a gabanku ina juya shafi. Ban taɓa ganin harafi ɗaya a ciki ba. Idona ya kusa rufewa. Yanzu haka ina jin numfashinku, amma fuskar kowa ban sani ba."

  Mai Burodi, da ke zaune a bencin maza, ya sunkuyar da kai.

"Na ɓoye don ina tsoron a ce in sauka. Na ce wa kaina don aikin Ubangiji nake yi. Jiya na gane don kaina ne. Na tsaya a nan ina koya muku gaskiya, alhali na ɗora wa 'yata ƙarya ta ɗauka a madadina. Jiya ce ranar da ya kamata a ɗaura mata aure. Ta wuni tana wanki." Ya dafa bagaden da hannu biyu. "Duk wanda ya gaishe ni ban amsa ba, ya yafe min. Ba raini ba ne. Gobe zan aika wa shugabanni, abin da suka yanke na karɓa. Mamana... na sake ki daga alkawarin nan. Ki yafe wa ubanki."

Ta toshe baki da mayafi. Wata mata a bayanta, ɗaya daga cikin biyun nan na shago, ta dafa kafaɗarta tana kuka.

Dattijo ya miƙe. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Fasto, ni ma ina da abin faɗa. Takardar ƙorafi a kanka tana aljihuna, mutum tara sun sa hannu, ni ne na farko. Na ce ba mu taɓa ganin mai girman kai irinka ba." Ya ciro ta ya yayyaga a gaban kowa, don Fasto ya ji ƙarar. "An ce baƙo makaho ne ko da idonsa, balle kai da abin ya haɗe maka biyu. Da ka faɗa tun farko, ai da mun raba aikin. Shekara talatin ina tuƙa mutane a hanya, ban kasa tuƙa mutum ɗaya daga gida zuwa coci ba."

Wasu suka yi dariya cikin hawaye. Fasto bai yi ba. Ya tsaya kawai, ruwa na bin fuskarsa, har Dattijo ya hau matakalar ya kama hannunsa ya sauko da shi.

Amsar shugabanni ta zo bayan mako uku. Ba duk abin da ikilisiya ta roƙa aka ba ta ba. Za a turo matashin fasto ya karɓi ragama a ƙarshen shekara. Tsohon zai ci gaba da zama a gidan, ya riƙa wa'azi sau ɗaya a wata, ya koyar da masu shirin baftisma. Shekara biyun da ya so bai samu ba.

Da ta gama karanta masa takardar, ya yi ajiyar zuciya.

"Ya yi zafi, Mamana. Amma na yi barci jiya irin wanda na manta da shi."

"Baba, ka biyo mu mana. Akwai ɗaki. Ga kabarin Mama kusa."

"Zan zo, in lokaci ya yi. Mutanen nan yanzu na fara saninsu. Jiya mutum huɗu suka yi faɗa a kan wanda zai karanta min da safe, ɗayansu ma sai ya yi ta in-ina kafin ya haɗa aya." Ya yi murmushi. "Ki je ki yi aurenki. Na ci miki wata biyar, ba zan ƙara kwana ɗaya ba."

A wannan ƙaramin cocin aka ɗaura auren, benci goma sha biyu cike, har da na tsaye a taga. An kawo Inna a mota, aka zaunar da ita a gaba. Ƙaninta ya zo daga makaranta, shi ya shigo da ita. Fasto ne ya ɗaura da kansa, babu takarda a hannunsa. Da ya zo wurin tambayar wa ya ba da wannan mace, sai ya tsaya, ya amsa wa kansa: "Ni ne. Da zuciya ɗaya."

Da yamma motarsu ta tsaya a ƙofar gida. Ta durƙusa a gabansa ta kasa tashi.

"Maganin ɗigawa sau biyu ne, Baba, safe da yamma. Na nuna wa matar Dattijo. Rigunan Lahadi suna hannun dama, na gida suna hagu. Kada ka..."

"Mamana."

"Na'am, Baba."

"Tashi. Mijinki na jira."

Ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a gajeriya, don muryarsa ba ta ba shi damar doguwa ba.

Mota ta ja a hankali. Ta juya ta leƙa ta gilashin baya. Yana tsaye a bakin ƙofa cikin farar rigarsa, ya ɗaga hannu sama yana yi mata bankwana, fuskarsa cike da murmushi. Amma hanyar da yake fuskanta ba ita suka bi ba. Bangon coci yake ɗaga wa hannu.

Ta kama murfin ƙofa. "Tsaya... don Allah ka ce wa direba ya tsaya."

Mai Burodi ya riƙe ɗaya hannun nata. "Duba dai, masoyiyata. Duba."

Dattijo ya matso ya dafa kafaɗun tsohon, ya juya shi a hankali har ya fuskanci titi, ya raɗa masa wani abu a kunne. Fasto ya yi dariya, ya ƙara ɗaga hannun sama.

Ta sauke gilashi ta fitar da kai, ta ɗaga murya yadda zai ji inda take.

"Baba, ga ni nan! Ina ganinka!"

Hannun bai sauka ba har motar ta sha kwana. Sannan ta saki ƙofar, ta kifa kai a kafaɗar mijinta, ta yi kuka har suka fita gari.